Babana, ga hular kwano nan na aiko

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai. Innarka ta ga hoton babur ɗin da ka saya, ta sa albarka. Ni kuwa kanka na duba, na ga ko hular saƙa babu, balle ta kwano. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, ta jini jijiya, ta agara ma jijiya. Wadda nake nufi ita ce mai kai saƙo. Uwar tafiyar ƙwaƙwalwa ce. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kamar awara, amma ƙwayoyin saƙon da ke cikinta sun kai biliyan 86. Daga ƙeya laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, kaurin ɗan yatsa, tsawon kusan santimita 45. Jijiyoyi 31 ke fita daga gare ta ta dama, 31 ta hagu, su rarrabu har ƙarshen yatsun ƙafa. Wasu na kai labari sama, wasu na sauko da umarni. Akwai kuma masu aikin da ba a sa su ba, su ke riƙe da bugun zuciya da narkar da abinci kana barci.

Ka tuna ranar da ƙafarka ta taɓa salansar babur ɗin kawunka a Mabera? Ka fizge ta kafin ka tsala ihu. Laka ce ta yanke wannan hukuncin, ba ta jira labari ya isa ƙwaƙwalwa ba.

Wancan ƙunan ya warke, tabo kawai ya rage. Ƙashi ma in ya karye ana ɗora shi. Jijiyar hannu in ta yanke aka haɗa, takan toho a hankali, kamar milimita ɗaya a rana. Laka da ƙwaƙwalwa ne ba su san wannan tohon ba.

Lokacin ina aikin jinya an taɓa kawo mana wani ɗan kabu-kabu, sa'anka ne. Ko ƙwarzane kirki babu a jikinsa, yana magana ras, har yana tambayar ina babur ɗinsa. Na tsikari tafin ƙafarsa da allura, ya ci gaba da kallon silin. A wuya abin ya same shi. Masu taimako, Allah Ya saka musu da niyyarsu, sun kama hannuwa da ƙafafu sun naɗe shi a bayan mota kamar buhun gero. Saboda haka in ka tarar da haɗari, kada ka bari a lanƙwasa wuyan mutum. A riƙe kai, a ɗauke shi a miƙe. Wanda ya bugu a ka kuma, in ya fara amai ko barci na fizgarsa, asibiti kai tsaye, ko da ya rantse lafiyarsa lau.

Na san zafin Sakkwato, a watan Afrilu hular za ta dafa maka kai. Sa ta haka nan, ka ɗaure igiyar a haɓa. Kuma hula kai take tsarewa, ba ta tsare wuya, don haka in ka hau gadar Kwalkwalawa da safe kana sauri, ka bar lacca ta fara babu kai.

Hular na hannun ƙanenka, baƙa ce. In ta yi maka yawa ka maido a canzo, kada ka cusa tsumma a ciki.

Mahaifinka.