Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Teku Da Kamun Kifi Na Indonesiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani ɗan ƙaramin kifin shak da mutanen tsibiran Raja Ampat, a gabashin Indonesiya, ke kira kalabiya, wanda ma'aikatarka ta saka cikin cikakkiyar kariya a 2023 tare da sauran danginsa, jinsi shida ke nan da ke ruwan ƙasarku. Wannan mataki ya cancanci yabo, kuma ina yaba shi da zuciya ɗaya.

Kifi ne da bai cika kai mita ɗaya ba, siriri, mai doguwar jela, jikinsa ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo masu duhu. Da rana yana lafewa cikin ramukan duwatsun murjani. Da dare, idan ruwa ya janye, sai ya fito yana takawa da fikafikansa huɗu, yana lanƙwasa jiki kamar ƙadangare, yana cusa baki cikin yashi yana neman ƙaguwa da tsutsa da jatan lande. Ba ya cutar da kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan kifi ba matafiyi ba ne. Uwar tana ajiye ƙwai a ƙarƙashin murjani, ɗan ya ƙyanƙyashe a nan, ya girma a nan, ba ya iya ƙetare ruwa mai zurfi zuwa wani wuri. Shi ya sa na Raja Ampat daban, na mashigin Cenderawasih daban, na Kaimana daban, na Halmahera kuma sai a 2013 masana suka tantance shi. Idan gaɓar da yake ta lalace, babu inda zai nufa, kuma babu wani da zai zo daga nesa ya maye gurbinsa.

Dokar 2023 ta hana kama shi da sayar da shi ga masu kiwon kifin ado. Amma ba ta tare lakar da ke gangarowa daga wuraren haƙar ma'adinin nikel ba. Idan aka sare daji a kan ƙaramin tsibiri aka tone ƙasa, ruwan sama kan kwaso jar laka ya zube ta a bakin teku, ta lulluɓe murjani, ta hana shi hasken rana har ya mutu. Kuma bakin tekun nan, mai ƙarancin zurfi, nan ne gidan kalabiya.

A watan Yuni na 2025 gwamnatinku ta soke lasisi huɗu na haƙar nikel a Raja Ampat, amma aka bar na tsibirin Gag. A Halmahera kuwa, masana'antar nikel ta mashigin Weda sai ƙara faɗi take yi.

Ranka ya daɗe, kuna da dokar 2007 ta kula da gaɓar teku da ƙananan tsibirai, kuma Kotun Tsarin Mulki ta ƙarfafa ta a 2024. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta yi aiki da ita: ta fitar da taswirar wuraren da kowane jinsin kalabiya ke zaune, ta riƙa auna lakar da ke shiga ruwansu tana bayyana sakamakon ga jama'a, kuma ta ƙi amincewa da duk wani sabon izini da zai taɓa waɗannan gaɓoɓi. A kuma saka masuntan ƙauyukan cikin aikin sa ido, a biya su haƙƙinsu, domin su ne ke kan ruwan dare da rana.

Wassalam.