Barka da Sallah daga Riyad, ga kuma amsar tambayar Baba kan jirgi mara direba

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya Babba da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu da layyarmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Auta, ke nake roƙo ki karanta wa su Baba wannan a hankali in an natsu da aikin nama, kar ki tsallake ko layi ɗaya dan Allah, don na san halinki da sauri.

Yau Juma'a 10 ga Zulhajji 1446, mu nan tun rana bata ɗaga sosai ba aka idar da Idi saboda zafi, kuma kun san muna gabanku da awa biyu, to lokacin da kuke ta neman hula da turare ni har na dawo ɗaki na sha shayi. Nan ba hawa ba kalangu ba yara masu yawon barka da Sallah gida gida, kowa ya shige mota ya rufe gilashi. Na ga hoton ragon da Yaya ya turo, masha Allah ya yi, Allah Ya sa albarka. Inna a ajiye min soyayye a cikin mai kamar yadda aka saba ko da ba ni zan ci ba, a bai wa Abba rabona. Na ji ance an yi ruwa a Zariya jiya da daddare, wallahi da na ji haka sai da ƙamshin ƙasar ya dawo min a hanci, mu nan zafi ya haura 40 kuma ko gajimare ɗaya babu.

Toh Baba, saƙon muryarku na ranan ya iso, inda kuke cewa Kawu ya faɗa muku wai jirgin ƙasan Riyad ba shi da direba, ku kuma kuka ce shekara talatin kuka yi a reluwe baku taɓa ganin jirgi ya motsa ba mutum a kansa ba, in gaya muku gaskiya. Ban amsa a waya ba don maganar ta fi ƙarfin minti biyu, na bari sai yau da nake da hutu. Gaskiya Kawu ya faɗa. Ba direba, ba ma ɗakin direba. Inda ya kamata kan jirgi ya kasance gilashi ne fal, fasinja ne ke tsayawa wurin suna kallon dogo na tahowa.

Kuma ni ba labari aka ba ni ba, kun san da na zo a 2015 aikin da na fara samu kenan, jan motar ma'aikata na wani ƙaramin kamfani da ke karɓar aiki a hannun manyan. An ba da kwangilar tun 2013 kan kuɗi wajen dala biliyan 22.5, aka fara tono a 2014, to ni na tarar da garin a farfashe. Titin Olaya da ke tsakiyar gari duk an gitta shi da shingen kankare mai ja da fari, yau ka bi nan gobe ka zo an toshe an karkatar da kai wani lungu, tafiyar minti 20 sai ta cinye awa guda da rabi. Masu shaguna a bakin titin sun sha wuya, shekaru ƙofarsu na fuskantar rami da ƙura, wasu da nake sayen ruwa wajensu haka suka rufe suka tashi. Ƙarfe huɗu na asuba nake ɗauko mutane daga kam, 'yan Indiya, 'yan Bangaladash, 'yan Nefal, 'yan Fakistan, Filifinawa, Misirawa, da mu baƙaƙe tsiraru, kowa da hular kwano da kwanon abincinsa, kafin mu isa rabinsu sun yi barci a kafaɗar juna. In bazara ta yi tsanani doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, sai a koma yin abin da dare ƙarƙashin fitilu. Shi ya sa in na ji ana cewa jirgin nan ba hannun mutum sai in tuna waɗannan fuskokin, da yawansu sun koma ƙasashensu basu taɓa shigarsa ba ko sau ɗaya.

Layi shida ne, kilomita 176 gaba ɗaya, tasha 85, ko wane layi da launinsa don kar mutum ya ɓata: shuɗi, ja, ruwan lemo, rawaya, kore da shunayya. Ba kamfani ɗaya aka bai wa ba, kashi uku aka yi. Su Bechtel na Amurka da Siemens na Jamus suka ɗauki shuɗi da ja, wasu da 'yan Italiya ke jagoranta suka ɗauki ruwan lemo wanda shi ya fi tsawo, ya ɗan haura kilomita 40, sauran ukun kuma FCC na Sifen da Samsung na Koriya da Alstom na Faransa. A wani wuri jirgin yana bi ta kan gada sama da motoci, wani wuri a ƙasa kamar namu, a tsakiyar gari kuma ta ƙarƙashin ƙasa. Koren ma, mai bin titin Sarki Abdul'aziz, duk tsawonsa a rami yake.

Ramin nan shi nake so ku gane Baba, don shi ya fi ɗaure min kai. Basu rushe unguwa sun tona sun binne ba. Wani inji ne aka kawo daga Jamus gunduwa gunduwa, aka zura cikin wani ƙaton rami aka haɗa shi a can ƙasa, fuskarsa kamar faifai amma faɗinta wajen mita 10, kusan tsayin bene hawa uku, cike da haƙoran ƙarfe. Faifan na juyawa yana cin dutse, don ƙasan Riyad farar duwatsu ne ba jar ƙasa irin tamu ba, bel yana kwaso garin dutsen yana fitarwa ta baya, shi kuma injin da kansa yana ɗaukar allunan kankare masu lanƙwasa yana jera su zobe zobe su zama bangon ramin, sannan ya tokare da zoben da ya gama ya tura kansa gaba. Kamar gara dai, tana ci tana gini. Sau ɗaya wani fomàn ya bari na sauka da shi na kai saƙo, na tsaya a bakin ramin ina jin iska mai sanyi na fitowa, a samanmu kuma mutane na ta cinikinsu a Batha basu san abin da ke tafiya ƙarƙashin ƙafarsu ba. Ranar na kasa barci da wuri.

An ɗauka shekara biyar za a gama, sai da aka haura goma, korona ma ta zo a 2020 ta tsayar da abubuwa, ni a lokacin har na bar aikin na koma tuƙin da nake yanzu. Sarki Salman ya buɗe shi ranar 27 ga Nuwamba 2024, aka fara ɗaukar mutane 1 ga Disamba a layi uku, ja da kore suka biyo baya bayan sati biyu, ruwan lemo a Janairun 2025. Na lissafa na ga kusan sa'an Abba ne, na baro shi yana wata huɗu a bayan mamansa, ga shi yanzu ance ya kusa sauke izu goma.

Yanzu tambayarku, in ba direba wa ke tsayar da shi kar ya hau na gaba. Kun sha ba mu labarin wannan ƙarfen da sitashan masta ke miƙa wa direba, in ba shi a hannunsa ba shi da ikon shiga tsakanin tasha da tasha, don kar jirgi biyu su haɗu a dogo ɗaya. To wallahi hikimar ɗaya ce, sai dai nan ba a miƙa komai da hannu. Ko wane jirgi yana ta sanar da inda yake ta rediyo ba tsayawa, kwamfuta ta san tazararsa da na gabansa, ita ke ba shi izinin iya inda zai kai da gudun da zai yi, in na gaba ya tsaya izinin na baya sai ya gajarce ya taka birki da kansa, in saƙon ma ya yanke to tsayawa yake yi. Juya layi da kuke yi da ƙarfin damtse cikin ruwan sama, nan wani ƙaramin inji ne ke turawa. Akwai kuma ɗakin kula inda mutane ke zaune gaban allo dare da rana suna kallon duk jiragen, da ma'aikata masu yawo cikin taragu da tashoshi. Bakin dandamali an tare shi da bangon gilashi mai ƙofofi, basa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai ƙofa da ƙofa, don haka ba yaro ba akuya ba mai tsallaka dogo. Wutar ma ba waya a sama, wani dogo na uku ne a gefe ke ba shi. Faɗin dogon kuma irin na Abuja zuwa Kaduna ne, milimita 1435, ya fi wanda kuka yi aiki a kansa mai 1067.

Ni shuɗin nake hawa, kilomita 38 tasha 25, ya tsaga garin daga kudu zuwa arewa. Yau bayan la'asar da na ga ɗakin ya yi min shiru na fita na hau shi daga nan Manfuha, riyal 4 kacal kuma tikitin na aiki har awa biyu, na wata guda 140, alhali da in ka tari tasi zuwa arewa sai ka ji a jikinka. Taragu huɗu ne, akwai ɓangaren iyali, akwai na maza marasa iyali irinmu, akwai na masu kuɗi a riyal 10. Daga mu sai Sikirina, sai Ud inda maƙabartar da ake binne sarakunansu take, sai Ƙasarul Hukum. Nan na sauka don ina son wurin, rufin tashar kamar ƙaton kwanon silba mai ƙyalli, kana ƙasa ka ɗaga kai sai ka ga titi da mutane a cikinsa kamar madubi, ga shuke shuke kore shar a can cikin ƙasa. Fita kaɗan ga babban masallacin Imam Turki, ga ganuwar Masmak ta jar laka wadda Sarki Abdul'aziz ya kama a 1902, duk sanda na gan ta sai na tuna ginin fadar Zazzau. Na koma na wuce Batha, inda muke zuwa aiko muku da kuɗi da sayen turaren Inna, na wuce gidan tarihi inda ake sauya wa zuwa kore, da ofishin jawazat, wato na fasfo da takardun zama, wanda duk baƙo ya san ƙofarsa, sannan doguwar Olaya ta ƙarƙashi har tashar STC inda layin ja ke gittawa. Can gaba sai kawai haske ya buge ka, jirgin ya fito daga rami ya hau gada, ga dogayen benayen unguwar bankuna KAFD a gabanka. Tashar nan ofishin marigayiya Zaha Hadid 'yar asalin Iraƙi ne ya zana ta, fara ce mai lanƙwashe lanƙwashe kamar yashin da iska ta kaɗa, daga nan rawaya ke tafiya har filin jirgin Sarki Khalid.

Abin da ya fi taɓa ni ba ginin ba ne. A garin nan da in ba ka da mota kai ba kowa ba ne, leburan da ke Manfuha zai shekara bai ga arewacin gari ba sai ta tagar motar kamfani. Yau a taragon da nake ga Basa'ude da farar jallabiya da yaransa, ga 'yan Bangaladash sun ci kwalliyar Sallah suna ta hoto, ga wasu Sudanawa da rawani, na ma ji Hausa a bayana na juya muka gaisa, ashe mutanen Maraɗi ne biyu. Na tsaya a gilashin gaba kusa da wani yaro da bai fi Abba ba, ya riƙe ƙarfe yana yi kamar shi ke tuƙi, muka shiga ramin da na taɓa tsayawa a bakinsa yana ƙura, fitilu na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji hawaye, don ku na tuna Baba, lokacin da kuke ɗora ni a kafaɗa a tashar Zariya in ga jirgin Legas na shigowa, kuna gaya min sunan ko wane tarago.

Shi ya sa nake so in faɗa a gaban kowa, na fara tara kuɗin Umararku da Inna, in Allah Ya yarda cikin sanyi, wajen Rajab ko Sha'aban. In kun gama ibada zan zo in ɗauko ku ku kwana biyu a Riyad, in tsayar da ku a gilashin nan ku gani da idonku, ku kuma gaya min ko dogon ya ɗauru yadda ya kamata don na san sai kun duba. Yaya dan Allah a fara maganar fasfo tun yanzu, na Inna ya ƙare tun bara, kuɗin zan turo ƙarshen wata.

A gaida Goggo da jiki, a kai mata cinya guda da sunana. A gaida Kawu a ce masa ya yi gaskiya. Maman Abba zan kira ki da daddare in layi ya yi sauƙi. Abba da Ummi goron Sallarku na hannun Yaya, a tafi kallon hawa gobe amma a riƙe hannun Auta gam kar a shiga gaban dawakai, a kuma ɗauko min bidiyon 'yan bindiga. Baba a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku na Riyad.