Godiya ga Alhaji mai shagon gwal na Babbar Kasuwar Sakkwato da yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a da sunan 'ya'yan marigayiya mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, domin mu gode maka kan yadda ka riƙe amanar sisin gwal goma sha biyu da ta bar mana. Ban ambaci sunanka ba don ban nemi izininka ba, amma masu shiga layin 'yan gwal sun san wanda nake nufi.

Kafin mu zo wurinka, rabon gado ya tsaya cak. Malamin da zai raba ya ce ba zai sa hannu ba sai an san darajar kowane sisi, kuma gaskiyarsa. Wasu a cikinmu na cewa tsarabar Makka ce, ba lallai duka na gaske ba ne. Ƙanenmu kuwa ya dage sai an aika da su Amurka, kamfanin PCGS ko NGC, masu tantance ingancin sisi, ya duba, ya rufe kowanne cikin roba da lambar shaida.

Abin da ya fara kwantar mana da hankali shi ne ba ka shiga da su ƙurya ba. A kan teburi, gaban idonmu, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan ƙaramin sikeli, kana juyo mana da fuskarsa mu karanta da kanmu. Ka ce irin wannan sisi, wato fam ɗin zinariya na Ingila, nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, faɗinsa milimita 22 da ɗan ɗoriya, kuma zallar zinariyar da ke cikinsa giram 7.32 ce. Yaronka ya auna faɗi da kauri, ya kusanto da maganaɗisu, ko ɗaya bai motsa ba. Sannan ka miƙa wa yayarmu gilashin ƙara girma, ka nuna mata kan Sarki Joji na Biyar, ka juya baya inda mahayin doki ke tattake dodo. Can ƙarƙashin kofaton dokin, sama da shekara, akwai haruffa biyu ƙanana, SA, waɗanda da ƙyar ido kawai ke kamawa. Ka ce alamar gidan buga kuɗi na Pretoria ce a Afirka ta Kudu, inda aka buga irinsu daga 1923 zuwa 1932. Waɗanda ba su da harafi ko ɗaya, na Landan ne.

Tara suka tsallake. Uku ka ware gefe, ka ce da yayarmu: “Hajiya, waɗanga zinariya na, amma ba bugun Ingila na ba.” Kwaikwayon maƙera ne irin wanda ake sayarwa a kasuwannin gwal na ƙasashen Larabawa, karat 21, har da ɗan hatimin 21 ɗin a jikinsu. Su kaɗai ka goga a dutsen gwaji ka ɗiga ruwan asid, shi ma sai da ka tambaye mu. Taran nan ba ka yarda an karce su ba, ka kuma gargaɗe mu kada wani ya sa musu toka ko omo don su yi ƙyalli, domin goge tsohon sisi rage masa daraja yake yi a wurin masu tara irinsu.

Inda na fi jinjina maka shi ne batun takardar shaida. Ba ka gwasale ƙanenmu ba. Ka tabbatar masa kamfanonin nan na gaske ne, PCGS tun 1986, NGC tun 1987, kuma suna ba sisi maki daga 1 zuwa 70 gwargwadon lafiyarsa. Amma ka ce wannan hidima tana biyan kanta ne idan sisin mai wuyar samu ne, kamar bugun Landan na 1917 ko na Pretoria na 1923, ko kuwa wanda bai taɓa yawo a hannun mutane ba. Namu na 1912 da 1927 ne, shekarun da aka buga miliyoyi, ga shi sun sha hannu, gashin kan sarkin ma ya fara shafewa. Kuɗinsu a nauyinsu yake. In an haɗa ladan dubawa da dala, kuɗin aikawa, inshora, da fargabar ɓata a hanya, magada ne za su yi asara, kuma duk wanda zai saya a nan Sakkwato ko Kano sikeli zai sake ɗorawa, ba roba zai duba ba.

Maimakon haka ka rubuta mana takarda da hatimin shagonka: shekarar kowane sisi, nauyinsa, karat ɗinsa, da farashin giram na ranar. Ka ce mu kai wani shago a sake aunawa don kada zuciyar kowa ta yi ɗar. Mun kai, lissafi ya zo daidai. Da wannan takarda malam ya raba, namiji rabon mata biyu kamar yadda Allah ya hukunta, aka daidaita bambancin ukun nan da kuɗi, kowa ya karɓi nasa ba tare da an ɗaga murya ba.

Abu guda kuma ba zan bari ya wuce ba. Mun zo maka ba mu san komai a harkar ba. Da ka ce duka sha biyun jabu ne ka yi tayin banza, da wuya mu gane. Ba ka ma taya ba, ladan gwaji kawai ka karɓa, sai da ƙanwarmu ta dawo da kanta ta sayar maka da nata a farashin ranar.

Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa kasuwarka albarka, ya shirya maka zuri'a, ya jiƙan magabatanka. A isar da gaisuwarmu ga yaran shago.

Wassalam,
Babban ɗan marigayiya, a madadin 'yan'uwansa,
Sakkwato