Barka da Sallah daga Jamus, da batun tafiyar Assop

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Inna, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibada da layya, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu lafiya. Na san yanzu tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙin babbaka, Inna da Goggo na bakin kasko. Ina gaida Kawu da iyalinsa, da maƙwabtanmu na Ƙofar Doka baki ɗaya.

Saƙon Auta ya iso ni, cewa bayan hawan Daushe yaran gida za su haɗa kuɗin mota su je magangarar ruwa ta Assop, kuma Baba ya ce sai ya ji ta bakina. Baba, ina roƙon a bar su su je, wuri ne da ya cancanci gani. Amma Sallar bana ta faɗo cikin damina, don haka a tara su a karanta musu wannan tukuna.

Daga Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka ya haura kilomita 200, daga Jos zuwa Assop kuma kimanin 60, a kan titin da ya gangara Hawan Kibo ya nufi Akwanga. Ba tafiyar wuni ɗaya ba ce. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, ku tashi da sassafe, ku kwana a Jos, washegari ku kasance a bakin ruwan kafin ƙarfe tara. Direba ya duba birkinsa tun a gari, kuma ya sauka Hawan Kibo da ƙaramar giya, domin birkin da aka daɗe ana dannawa a gangare yakan yi zafi ya daina kamawa. Tafiyar dare kuwa kada ma a kawo ta.

Ƙannena, yanzu da ku nake. Daga inda mota take tsayawa zuwa ruwan ba nisa, kuma nan ne mutane suke ruɗar kansu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 cikin awa guda, amma a kan duwatsu da saiwoyi, ga yara, ku ɗauka rabin haka za ku yi. Ku nemi ɗan garin ya ja ku, ku sallame shi da kyau, shi ya san inda ake takawa. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a ƙarshe, a ƙirga kawuna a bakin mota, a sake ƙirgawa a bakin ruwa.

Shadda da takalmin Sallah su zauna a Jos. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa da silifa su ne suka fi kayar da mutane. Ku sa kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, da safa, don sabo yana tayar da bororo. 'Yan mata su sa wando a ciki, hijabi kada ya wuce gwiwa, saboda dogo yana kama ƙaya kuma yana rufe wa mutum inda zai taka. Dogon hannu ya fi, akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da ke hayayyafa a ruwa mai gudu. Turare ma a haƙura da shi ranar, yana jawo ƙudan zuma.

Kaya su shiga jakar goyo, hannu biyu su zama a sake. Kowa ya riƙe ruwan sha lita ɗaya da rabi, a lissafin rabin lita duk awa. Soyayyen naman layya da dambu da dabino sun isa guzuri. Ku ƙulla sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a leda: wanda jiri ko gudawa ya kama, a zuba a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ya riƙa kurɓa. Ruwan rafin a yi alwala da shi, amma kada a sha, shanu da mutane suna samansa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan doguwar takarda shi ne takun ƙarshe kafin ruwan. A nan Jamus akwai magangarar Triberg, inda kogin Gutach yake faɗowa mita 163 a matakai bakwai, an yi mata gadoji da ƙarafan dafawa. A gida kada ku sa ran wani ƙarfe zai tare ku. Feshin ruwan yana jiƙa dutse dare da rana, sai gansakuka ta rufe shi. Koriyar ana ganinta a kauce. Mugun shi ne baƙin dutse mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, ido yana cewa tsaf yake, ƙafa na hawa sai ta tafi kamar an taka yauƙin kuɓewa. Ku taka busasshe mai kaushi, ku gwada da ƙafa ɗaya kafin ku ɗora nauyi, inda ya yi tsayi ku zauna ku sauka da mazaunai, ba abin kunya ba ne. Kada kowa ya hau saman inda ruwan yake zubowa don ɗaukar hoto, kada kuma a ja da baya ido na kan waya.

Ramin da ruwan yake faɗawa ba wurin wanka ba ne, ko ga wanda ya iya iyo a Kubanni. Farin kumfan nan iska ce gauraye da ruwa, ba ya ɗaukar jiki yadda ruwan kwance yake ɗauka. Ƙarƙashinsa kuma ruwan juyawa yake, ya danna mutum ƙasa, ya dawo da shi gindin magangarar, ya sake dannawa. In wani ya faɗa, kada a bi shi. A miƙa masa doguwar sanda ko a jefa igiya, mai miƙawar yana kwance rub da ciki. Igiya mai mita 10 ba ta da nauyi, ku saya.

Sai ambaliya. Ruwan Assop daga saman tsaunukan Filato yake zuwa, ana iya sheƙa ruwa can sama ku kuna cikin rana tsaka. Ku sa wa wani dutse na bakin ruwa ido tun isarku. In ruwan ya fara hawansa, ko ya rikiɗe ya yi ja kamar kunun kanwa, ko ya soma kawo ganye da karmami, ko rugugin ya ƙaru, ku bar komai ku hau tudu nan take, kada ku bi kwarin. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. In an yi walƙiya ku ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin tsawa kilomita ɗaya ne. Ƙasa da daƙiƙa 30, ku koma cikin mota, ba gindin itace ba. Da yake hadarin damina ya fi haɗuwa da yamma, ƙarfe ɗaya ta yi muku a mota, ku yi azahar a hanya, kuna da rangwamen ƙasaru.

Maciji kuma, kada a cusa hannu a kogon dutse ko a tsallake gungume ba a duba bayansa ba. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai asibiti.

Baba, in sun amince da wannan, a sa musu albarka su tafi. Kuɗin igiya da na ɗan jagora suna cikin barka da Sallar da na turo ta hannun Kawu. Inna, a ajiye mini rabona na soyayyen nama, akwai mai zuwa nan wata mai kamawa. Auta, ki kira ni da zarar kun hau titi kun juyo.

Wassalam,
Ɗanku, daga Jamus.