Godiya ga ofishin alƙalan gwajin hayaƙin mota na jihar Kalifoniya

Zuwa ga ma'aikatan ofishin Referee, wato alƙalan gwajin hayaƙi, na BAR, hukumar da ke sa ido kan garejin gyaran mota, reshen da ke yankin Sakaramento,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Bayan haka, na rubuto ne don in gode muku a bainar jama'a, kuma na zaɓi in yi da Hausa domin 'yan'uwana mazauna jihar nan su san inda za su dosa. Yawancinmu ba mu ma san da ofishinku ba. Abin da muka sani shi ne DMV, hukumar rajistar mota, da layinta, sai kuma garejin gwajin hayaƙi da ke bakin titi. In gareji ya ce mota ta faɗi, shi ke nan, sai mutum ya fara neman mai sayen kayan ƙarfe.

Motar da na kawo muku a-kori-kura ce ƙirar Toyota ta 1992, wadda na saya a garin Elko na jihar Nebada don aikin kwasar kaya da gyaran lambu. A Nebada gwajin hayaƙi ya tsaya ne ga biranen gundumomin Clark da Washoe, wato kewayen Las Vegas da Reno. Motar Elko tana iya tsufa ba wanda ya taɓa zura ƙarfen awo a salansarta. Tsohon mai ita ya cire injin asali mai lita 3.0 ya sa mai lita 3.4 na wata Toyota ta 1997, kuma bai ɓoye mini ba, tinƙaho ma yake yi da shi. Yana da gaskiya, injin lafiyarsa ƙalau.

Nan Kalifoniya kuwa dokar daban take. Duk motar fetur da aka ƙera daga 1976 zuwa yau, in daga wata jiha ta zo, sai ta ci gwajin hayaƙi kafin a ba ta lamba. Ƙirar 1975 zuwa baya ce kaɗai aka ɗauke wa. Da a cikin jihar nan na saye ta, da nauyin kawo takardar gwajin, wadda ba ta wuce kwana 90 ba, yana wuyan mai sayarwa. Mutumin Nebada wannan doka ba ta hau kansa ba, don haka nauyin ya dawo kaina. Mai gwaji a gareji yana ɗaga bonet, ya dubi takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, ya dubi injin, ya ce ba su dace ba, wannan ya fi ƙarfinsa. Shi ne ya tura ni wurinku.

Na zo da fargaba, don na ɗauka wurin hukunci za ni. Sai na tarar da rumfar gyaran mota a harabar kwaleji, da wani dattijo mai riƙe da tocila, da ɗalibi ɗaya yana taya shi. Kafin ya taɓa motar ya tsaya ya yi mini bayanin ƙa'idar canjin inji da magana mai sauƙi. Sabon injin dole shekararsa ta yi daidai da ta motar ko ta fi ta sabunta. Dole ya fito daga mota mai aji ɗaya da ita, ba a ɗauko na babbar mota a sa wa ƙarama. Sannan dole ya taho da duk kayan rage hayaƙinsa, ba inji tsirara ba. Ya ce na ƙetare biyun farko, a na uku ne aikin yake.

Daga nan ya kira ni kusa. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya haska tocila, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin gwangwani mai gawayi a ciki, wanda aikinsa tare tururin fetur kada ya fita iska, ya ce wannan na tsohon injin ne, kwamfutar injin 1997 ba ta san shi ba. Ya sa na zauna a kujerar direba na murɗa makulli ba tare da na tayar ba. Fitilu suka kama a gabana, ban da ta gargaɗin inji. Ya ce tun daga 1996 kwamfutar mota ita ke sa ido kan hayaƙinta, kuma da wannan fitila take kai ƙara, to tawa ba a haɗa wayarta ba sam. Ya bi salansa har ya kai tukunyar tace hayaƙi, ya goge ƙura ya karanta lambar jikinta, ya ce wannan tana da kyau, kada kowa ya sa in sayi wata. Wanda ya san kuɗin wannan tukunya ya san abin da wannan magana ta tsare mini.

Bai ce in je garejin wane ba, bai sayar mini da ko ƙusa ba. Ya rubuta abubuwan da suka rage a takarda, ɗaya bayan ɗaya, yadda kowane bakanike zai gane. Ya kuma tuna mini in biya kuɗin rajista a DMV tun yanzu ko da takardar gwaji ba ta fito ba, don tarar jinkiri ba ta jiran gyara.

A ganina dokar nan tana da hujja, ko da ta ci mini kuɗi. Wanda ya yi bazara a kwarin nan na Sakaramento ya ga yadda iska ke yin nauyi, ya ga yara da abin shaƙar asma a jakar makaranta. Tun 1943 hazon hayaƙi ya rufe Los Angeles har idanun mutane suna zubar da hawaye, kuma a farkon shekarun 1950 masanin kimiyya Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hayaƙin mota ne da hasken rana ke haɗa shi. A 1967 aka kafa CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, a 1984 aka fara wannan gwaji. Amma doka mai tsauri, in ba mai yi wa talaka bayaninta, tana zame masa bango. Ku ne kuka zama ƙofa a jikinsa.

Da na dawo bayan gyara, aka ɗora tayoyin baya a kan naɗin ƙarfe, aka tuƙa ta a gudun mil 15 da mil 25 cikin awa, ƙarfen awo yana cikin salansa. Aka jona kwamfuta, fitilar gargaɗi ta kama ta mutu yadda ake so. Ta ci. Ɗalibin ya manna takardar BAR a jikin motar, dattijon ya ce daga yau ba sai na dawo wurinsu ba, garejin gwaji zai duba wannan takarda ya san abin da ke cikin motar duk shekara biyu.

'Yan'uwa masu zuwa Nebada ko Arizona neman mota mai sauƙi, ku ɗaga bonet ku karanta takardar da ke ƙarƙashinsa, ku tambayi mai ita ko an taɓa canja inji ko salansa. In ta riga ta shigo hannu kuma gareji ya mayar da ita, ku kira ofishin nan ku nemi rana. Suna duba ƙarar wanda bai yarda da sakamakon gwaji ba, suna kuma taimakawa wajen nemo kayan tsohuwar mota da suka yi wuya a kasuwa.

Motar tana da lambar Kalifoniya yanzu, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ɗalibin nan sa'ar karatunsa.

Naku,
Wani ɗan Kano mazaunin Sakaramento