Mako shida ke nan ba mu shiga aji ba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da zafin Jidda. Na san ni ne da laifi, tun saƙonka na bayan Babbar Sallah ban ce maka uffan ba. Ka tambaye ni zancen filin nan na bayan gidan Baba, zan zo kansa a wani saƙon, amma bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji.

Yau mako shida ke nan muna yajin aiki. An garƙame makaranta, ciyawa har ta fara cinye filin taron safe. Abin da muke nema bai wuce abin da doka ta ba mu ba. Tun watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, bayan yajin aikin nan na 3 ga Yuni da NLC da TUC suka yi, ƙungiyoyin ƙwadago ke nan, wanda har wutar ƙasar nan aka kashe, jirage suka kasa tashi. Ka tuna ka kira ni a daren kana tambaya ko lafiya. To, ma'aikatan jiha sun fara gani a albashinsu, mu malaman firamare da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi kullum sai a ce ana tantancewa. Sau uku ina kai takarduna da hoto. Alat kuwa idan ya shigo, yadda yake jiya haka yake yau, ariyas ko labarinsa babu. Ba mu kaɗai ba ne ma, malaman firamare na Abuja sun fi wata uku a gida a 2025 kan wannan maganar, a gaban idon kowa.

Kuma wallahi ko an biya dubu 70 ɗin, ina za ta kai mutum? Lokacin da ka tafi litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Na jingine babur ɗina a zaure, tayoyin har sun sace. Ƙungiyar ƙwadago dubu 250 ta tsaya a kai daga ƙarshe, aka tashi a 70, alhali a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya fi haka. Gaskiya masara ta ɗan sauko yanzu, muna godiya ga Allah, amma kuɗin haya da magani da kuɗin mota ba su san da wannan sauƙin ba. Uwargida ta daina sayen mai a kwalba, sai na ƙulli. Nama kuwa sai ranar Juma'a, shi ma don yara su ji ƙamshi a miya.

Kai kuma na ga hoton da ka turo, tumbi ya fito, wuya ya yi kauri! Kai da ko kofin kunu ba ka iya shanyewa a makaranta. Uwargida ta ce a gaya maka shinkafar Larabawa ta karɓe ka, kuma har yanzu tana jiran dabinon da ka yi alkawari tun bara.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Tun mako na biyu na karɓi adaidaita sahu a hannun wani maƙwabcinmu, ina fita bayan Asuba, in kai masa balas da yamma, abin da ya ragu a yi cefane. Ban ɗauke shi abin kunya ba, sana'a ce. To ranar Talata na tsaya a bakin kasuwa ina jiran fasinja, sai ga wata yarinya 'yar ajina da farantin gyaɗa a ka. Ita ce ta ɗaya a lissafi, tun kafin in gama rubutu a allo take ɗaga hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗebi gyaɗa gwangwani ɗaya ta zuba min a hannu, na miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa. Sai ta ce, "Malam, yaushe za a koma?" Na rasa abin da zan ce mata. Bana za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma na san gidansu, idan talla ta fara kawo kuɗi da wuya a sake barinta ta ɗauki jaka. Waɗanda ke riƙe da haƙƙinmu nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi, ko kwana ɗaya ba su rasa ba.

Duk da haka ba na goyon bayan a janye hannu wofi. Mun taɓa janyewa a kan alkawari, ka san yadda ta ƙare. Na dai fara tara 'yan aji shida a zaurenmu bayan La'asar, su goma sha ɗaya, muna bitar lissafi da Turanci, ba na karɓar ko sisi. Wasu abokan aiki sun ce ina karya yajin aiki. Na ce musu ƙofar makaranta aka ce a rufe, zauren gidana kuwa nawa ne. Kai me ka gani? Ka faɗa min gaskiya, ka san ina jin maganarka.

Af, mutuminka mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma ya daina ba da bashi, har allo ya rataya. Hedimastanmu na da ya yi ritaya, shekara biyu ke nan yana zaryar garatuti, ya rame sosai, idan ka samu hali ka kira shi zai ji daɗi. Inna ƙafar ta yi sauƙi, tana gaishe ka, ta ce ka sa ta a addu'a idan ka shiga Harami.

Jibi shugabannin ƙungiya za su sake zama da hukumomi, duk yadda aka tashi zan turo maka saƙo. In akwai mai tahowa cikin watan nan, ka haɗo min da man zafin nan na Inna, wancan ya kusa ƙarewa. Ka gaida uwargidanka, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
abokin zamanka na benci ɗaya.