Ba Dukkan Masu Gadin Jiki Ne Suka Fito Daga Ɓargo Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani bayani da ake yawan maimaitawa a shafukan lafiya da ajujuwan kimiyya, wato cewa duk ƙwayoyin da ke kare jikin ɗan Adam a ɓargo ake yin su, jini kuma ya kai su inda ake bukata. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma binciken shekarun nan ya nuna ba ta cika ba, kuma a ganina abin da aka bari a baya ya fi abin da aka faɗa muhimmanci.

Bari in fara da ƙwayar da ake kira monosayit. Ita ce mafi girma a cikin fararen ƙwayoyin jini, kodayake rabonta bai wuce kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na adadinsu ba, kuma duk wanda ya shafa ɗigon jini a gilashi ya duba da madubin likita zai gane ta da cibiyarta mai lanƙwasa kamar ƙoda. Asalinta ɓargo ne, babu ja a nan. Akwai uwar ƙwayoyi a cikin ɓargo wadda daga gare ta jajayen ƙwayoyi da farare duka suke fitowa, abin da James Till da Ernest McCulloch suka fara kawo hujjarsa a Toronto a 1961. 'Ya'yan wannan uwa suna rabuwa daki-daki, kowane mataki yana rage musu zaɓi, har wani reshe ya kai inda ba zai iya zama komai ba sai monosayit. Idan ta nuna ta shiga jini ba ta daɗewa. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi wa mutane masu lafiya ta hanyar sa wa sababbin ƙwayoyinsu alama, ya gano cewa mafi yawansu kwana guda kacal suke yi a jini su fice, ƙalilan ne ke rikiɗa su yi kimanin mako suna sintiri a jikin bangon jijiyoyi. Waɗanda suka fice kuwa, idan suka tarar da rauni ko kumburi, sai su zama makrofaj, ƙwayar da ke haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki.

Tarihin sanin wannan haɗiya ya koma 1882, lokacin da Ilya Mechnikov, masani ɗan Rasha da ke aiki a Messina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar ruwa da ake kira tauraron teku, wanda jikinsa garau yake ana ganin cikinsa, washegari ya ga ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Aikinsa a kan garkuwar jiki ya ba shi kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. A 1968 Ralph van Furth da Zanvil Cohn suka bi sawun waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓeraye, suka nuna hanyar tana tashi daga ɓargo, ta bi jini, ta ƙare a gaɓoɓin jiki. Wannan fahimta ta shiga littattafai ta zauna daram har shekara arba'in, kuma ba na ganin laifin masu ita, domin a lokacin kumburi abin da suka faɗa shi ne ke faruwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne jikin da ke zaune lafiya. A 2010 Florent Ginhoux da abokan aikinsa a ɗakin binciken Miriam Merad da ke New York suka sa wa wasu ƙwayoyi alama tun ɓera yana ciki, suka jira aka haife shi ya girma, sannan suka duba ƙwaƙwalwarsa. Sai ga shi makrofaj na ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikrogiliya, jikokin waɗancan ƙwayoyi ne da suka taso daga jakar gwaiduwa ta tayi, tun kafin a sami ƙashi balle ɓargo. Sun shiga ƙwaƙwalwa tun tana haɗuwa, suka zauna suna hayayyafa da kansu ba tare da neman gudummawa daga jini ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna haka lamarin yake ga makrofaj na wasu gaɓoɓi, kamar ƙwayoyin Kupffer na hanta, da masu share buhunan iska na huhu, da ƙwayoyin Langerhans na saman fata, sai dai yawancin waɗannan ta hantar tayi suka biyo, domin hanta ce ke yin jini kafin ɓargo ya karɓi aikin. Hanji ya fita daban: makrofaj ɗinsa, da ke fuskantar ƙwayoyin cuta dare da rana, mafi yawansu monosayit ne ke sabunta su a kai a kai. Ke nan a jiki guda akwai 'yan ƙasa da aka haifa tare da gaɓar, akwai kuma baƙi da ake kira idan wuta ta tashi.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan labarin ɓera ne. Gaskiya ne mafi yawan gwajin a ɓeraye aka yi shi, amma jikin mutum ma ya ba da shaida. An duba mutanen da aka yi wa dashen huhu, aka tarar makrofaj na wanda ya ba da huhun suna nan da ransu shekaru bayan tiyata, kuma an ga irin haka a fatar hannun da aka dasa wa wani. Akwai kuma wata cutar gado da ba kasafai ake ganinta ba, mai nasaba da tawayar ƙwayar gado ta GATA2, wadda ke sa monosayit su kusan ƙarewa a jini, duk da haka a sami makrofaj a fatar majinyacin. Da a ce daga monosayit kaɗai suke fitowa, da sun ƙare tare.

Ƙwayoyin dendiritik, masu nuna wa sauran ƙwayoyin garkuwar jiki abokin gaba, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973 kuma aka sanar da ba shi Nobel a 2011 kwana uku bayan rasuwarsa, su ma an daɗe ana ɗaukarsu 'ya'yan monosayit. Yanzu an san cewa na ainihi suna da nasu reshen a ɓargo.

Abin da ya sa na damu da wannan gyara shi ne yana shafar yadda muke fahimtar cuta. Ƙwayar tarin fuka makrofaj na huhu take fara shiga ta ɓuya, sannan monosayit su yi ta kwarara wurin. Kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya, monosayit ne ke kutsawa bangon jijiya su cika cikinsu da shi har su kumbura su mutu a can. Mai neman magani dole ya san wanne daga cikin biyun yake son ya kwantar, wanne yake son ya ƙarfafa, domin maganin da ya tare monosayit a ƙofar ɓargo ba lallai ya taɓa ƙwayar da ta zauna a ƙwaƙwalwa tun daga cikin uwa ba. Haka nan sakamakon gwajin jini da ke nuna adadin monosayit, abin da ke yawo a jini kawai yake faɗa, bai ƙirga mazauna hanta da huhu ba.

Don haka ina kira ga masu rubuta shafin lafiya na wannan jarida, da malaman da ke koyar da ɗaliban jinya da na gwaje-gwajen asibiti, su riƙa ambaton tushe biyu idan suna bayanin makrofaj: na tayi da na ɓargo.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kimiyyar halittu